Tambaya da Amsa: Shawarar Jarirai da Maganin Gargajiyar Ƙasar Sin

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni dattijuwa ce a garin Tahoua, jikata ce ta rubuta mini wannan wasiƙa. 'Yata ta zo gida goyon ciki, ta haifi ɗa namiji lafiya lau a matanite, wato asibitin haihuwa, washegari aka sallame su. A kwana na uku sai muka ga farin idon yaron ya koma ruwan ɗorawa, da gari ya sake wayewa abin ya sauko har ƙirjinsa. Ɗana da ke fatauci a birnin Guangzhou ya ce ya tambayi wani mai sayar da magani a can, aka gaya masa Sinawa sun san wannan ciwo tun kaka da kakanni, wai zafin cikin uwa ne yake dafa yaro saboda yawan cin yaji da soye-soye, kuma akwai wani ruwan magani a 'yan kwalabe mai suna Yin Zhi Huang da zai aiko mana. Tun da maganar ta kai kunnen dangin miji suka ɗora wa 'yata laifi, don kuwa ta so kilishi da tonka lokacin da take da ciki. Shin gaskiya ne abin da Sinawa suka ce? Mu jira maganin, ko mu jiƙa masa rawaya yadda iyayenmu suke yi?

Wata kaka, daga Tahoua

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya, ya ba maijego lafiya. Ranar da wasiƙarki ta iso na mayar da amsa ta lambar da aka aiko ta, cewa a kai yaron asibitin uwa da yaro na Tahoua a wannan ranar a auna jininsa, kada a jira fitowar mujalla, kada a jira suna, kada kuma a jira kaya daga Guangzhou. Abin da ya rage shi ne bayani, kuma na ga ya dace in yi shi a nan, domin 'yan kasuwarmu da ke zuwa ƙasar Sin sun yi yawa, irin wannan saƙo kuwa ba gidanki kaɗai yake shiga ba.

Mai maganin da ɗanki ya tambaya bai ƙirƙiri maganar ba. Likitocin gargajiya na ƙasar Sin suna kiran shawarar jarirai tai huang, wato rawayar da aka taho da ita daga ciki, kuma tun shekara ta 610 wani likitan fada mai suna Chao Yuanfang ya bayyana ta a littafinsa na asalin cututtuka da alamominsu. Abin da ya ce shi ne, idan akwai zafi a kayan cikin uwa, zafin yakan turara ɗan da ke cikinta, sai a haife shi jikinsa duk rawaya. Waɗanda suka biyo bayansa suka faɗaɗa bayanin, suka ce zafin ba shi kaɗai yake tafe ba, yana haɗe da laima. A fahimtarsu saifa da tumbi su ne masu sarrafa abinci da ruwa a jiki, na jariri kuwa ba su gama ƙosawa ba, don haka laimar da ya gada daga uwa takan taru ta kasa fita, ta toshe hanyar hanta da maɗaciya, ruwan ɗaci ya bar hanyarsa ya malala cikin fata da ido. Sai dai a lura, saifar da suke nufi ba lallai ita ce wadda mahauci yake cirewa ba, suna ne da suka ba aikin narkar da abinci gaba ɗaya.

Bahaushe ba zai ji wannan magana baƙuwa ba. Mu ma da zafi da sanyi muke fassara rabin cututtukanmu, kuma wankan jego da kunun kanwa duk don korar sanyi ake yin su. Su ma Sinawa maijegonsu takan yi wata guda a ɗaka tana guje wa iska da ruwan sanyi, kamar yadda tamu take zaman arba'in.

Inda na fi ganin ƙwarewar waɗannan likitoci shi ne wajen kallo. Sukan kira fannin lafiyar yara sashen bebaye, saboda jariri ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, sai dai likita ya karanta fatarsa da harshensa da kukansa da kashinsa. Da wannan kallo suka raba shawara gida biyu. Akwai ta zafi, wadda launinta yake da haske kamar ɓawon lemo nunanne, yaron yana kuka da ƙarfi, fitsarinsa ya yi duhu, harshensa ja da datti rawaya a kai. Akwai kuma ta sanyi, wadda launinta ya dushe kamar abin da hayaƙi ya taɓa, yaron ya yi laushi, hannuwa da ƙafafu sun yi sanyi, ba ya son nono, kashinsa ruwa-ruwa kuma ya koɗe. Littattafan da ake koyarwa da su a yau sun ƙara gida na uku, wanda suke kira daskarewar jini, inda rawayar take ƙara duhu mako bayan mako, ciki ya kumbura har jijiyoyi su fito, a taɓa ƙarƙashin haƙarƙarin dama a ji tauri. Sannan sun ware wani hali mai haɗari da suka ce shawara ta tayar da iska, wato yaron ya riƙa kuka mai tsini, ya sanƙare, ya bankare baya, idanunsa su kafe. Duk likitan yara na zamani da ya ji wannan siffa zai gane ta nan take, domin ita ce alamar cewa shawara ta taɓa ƙwaƙwalwa. Mutanen da ba su da na'urar awon jini sun kai ga wannan da ido kawai, kuma sun cancanci yabo a kai.

Amma gane alama daban, gane sanadi daban, kuma a nan ne zan wanke 'yarki. Kilishi da tonka ba sa kawo shawarar jarirai. Abin da ke faruwa shi ne, jariri yakan zo duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, waɗanda ba sa wuce kwana 70 zuwa 90 suke mutuwa, alhali na babba sukan kai kwana 120. Idan suka farfashe sai su bar wani sinadari rawaya da ake kira bilirubin, wanda aikin hanta ne ta sarrafa shi ta tura shi hanji ya fita da kashi. Hantar sabon haihuwa kuwa ba ta gama kama aiki ba, sai sinadarin ya taru. Shi ya sa kusan jarirai 6 cikin 10 da suka cika watanninsu, da 8 cikin 10 na bakwaini, suke yin rawaya a makon farko, ko uwar ta ci yaji ko ba ta ci ba. A mafi yawansu abin yakan fito a kwana na 2 ko na 3, ya kai ƙarshen ƙarfinsa wajen kwana na 4 ko na 5, ya washe kafin mako biyu. Ki lura, Hajiya, da Sinawa suka ce kayan cikin jariri ba su ƙosa ba, sun faɗi gaskiya. Zancen zafin uwa ne bai tsaya ba.

Idan shawara ta yi tsanani, sanadin yakan kasance ɗaya daga cikin 'yan abubuwa sanannu: haihuwa kafin lokaci, rashin samun isasshen nono, ƙwayar cuta da ta shiga jini ta cibiya ko wata hanya, ko saɓanin rukunin jini, kamar uwa mai rukunin O ta haifi ɗa mai A ko B. A wannan na ƙarshen, in har dangin miji sai sun sami inda za su rataya laifi, to a tuna musu cikin ladabi cewa A ɗin ko B ɗin daga ɗansu yaron ya samo shi. Gaskiyar magana dai babu mai laifi, halitta ce. Akwai kuma wani sanadi da zan dawo kansa, domin shi ne ya sa na hana a jira kwalaben Guangzhou.

Maganin da aka ambata wa ɗanki yana da dogon asali. Wajen shekara ta 200, a ƙarshen daular Han, likita Zhang Zhongjing ya rubuta wani haɗi na tsirrai uku don shawarar zafi a jikin manya: ganyen yin chen, da 'ya'yan itacen zhi zi, da wata saiwa mai sa zawo da suke kira dahuang. Yin chen ɗan'uwan tazargade ne, danginsu ɗaya da tsiron da Tu Youyou ta ciro maganin zazzaɓin cizon sauro daga cikinsa, aikin da ya sa aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015. Hikimar haɗin a wurinsu ita ce a buɗe wa zafi da laima ƙofa biyu, fitsari da kashi, su fice. Yin Zhi Huang na kwalba jikan wannan haɗi ne, an bar tsirrai biyun farko, aka ƙara saiwar huang qin da furen jin yin hua. Ga shawarar sanyi kuwa wani haɗin suke bayarwa mai busasshiyar citta, don a ɗumama ciki, wanda ke nuna cewa ko a ƙa'idarsu ba a rubuta wa yaro magani daga nesa ba tare da an gan shi ba.

Ba zan ce maganin fanko ne ba. A 2004 masu bincike a wata kwalejin likitanci da ke Houston a Amurka sun nuna cewa akwai wani sinadari a cikin yin chen da ke zaburar da hanta ta gaggauta fitar da bilirubin. Sai dai a jikin ɓeraye aka yi gwajin. A ɗaya ɓangaren kuma, likitocin yara a Hong Kong sun gano tun farkon shekarun 1990 cewa yin chen, da wata saiwa mai ɗaci da ake kira huang lian wadda kakanni a kudancin Sin suke ɗura wa jarirai don wanke abin da suke kira dafin ciki, suna iya kwance bilirubin daga sinadarin jinin da ke riƙe da shi. Wanda aka kwance ɗin kuwa shi ne mai haurawa ƙwaƙwalwa. Ƙasar Singafo ta hana sayar da huang lian a 1978 saboda tsoron illarsa ga jarirai, hanin da ya ɗauki fiye da shekara talatin kafin a sassauta shi. Ita kanta hukumar kula da magunguna ta ƙasar Sin ta ba da umarni a 2016 cewa kada a yi wa sabon haihuwa ko ƙaramin yaro allurar Yin Zhi Huang, a 2017 kuma ta sa a rubuta a takardar na sha cewa yana iya kawo zawo da amai da ƙuraje, kuma a yi hattara da shi ga masu ƙarancin G6PD.

Wannan G6PD shi ne abin da na ce zan dawo kansa. Wani sinadari ne da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa, kuma akwai waɗanda ake haifa da ƙarancinsa ta hanyar gado, galibi maza. Yana da yawa a kudancin Sin, inda suke kiransa ciwon wake saboda wani irin wake, ful ɗin da alhazai suke karyawa da shi a Makka, yana tayar da shi. Yana kuma da yawa ƙwarai a Afirka ta Yamma, har a wasu yankunan ana samun namiji ɗaya cikin biyar da shi. A asibitocin kudancin Sin ana gwada jarirai tun a kwanakin farko, mu kuwa yawancin 'ya'yanmu ba wanda ya san matsayinsu. Jikanki namiji ne, ya riga ya yi rawaya, ba a kuma gwada shi ba, don haka shi ne ainihin yaron da takardar maganin take gargaɗi a kansa. Saboda wannan dalili ne kuma nake roƙonki ki fitar da ƙwallayen kafur daga akwatin kayan jariri, a wanke duk rigar da ta ɗauki warinsu, kada a sa masa lalle, kada a shafa masa man zafi ko hoda mai sanyin mantoleta a cibiya. Waɗannan duk an san suna farfasa jinin yaro mai wannan ƙaranci.

Jiƙon rawaya ma amsarsa ke nan. Hantar da ta kasa ɗaukar kayanta ba a ƙara mata wani, ruwan jiƙon kansa yana iya shigar da ƙwayar cuta, sannan cikin jariri ɗan ƙanƙane ne, duk cokalin da ya sha na wani abu ya rage masa wurin nono. Nonon kuwa shi ne yake yin aikin da Zhang Zhongjing ya nema da saiwarsa mai sa zawo. Bilirubin da ya sauka hanji, idan ya daɗe a can, jiki yakan sake tsotse shi ya koma jini, nonon farko mai kauri da wasu suke matsewa su zubar kuwa shi ne yake tura baƙin kashin farko waje. A ba shi mama sau 8 zuwa 12 a yini da dare, a tashe shi idan barci ya yi masa nauyi, ba ruwa, ba rubutu, ba ɗauri. Zawon da magani zai jawo wa ɗan kwana huɗu a zafin Tahoua kuwa, kafin a farga ya tsotse masa ruwan jiki, shawarar ma ta ƙaru.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A duba yaro da rana kusa da taga, ba a hasken fitila ba, a danna goshi ko karan hanci da yatsa a saki a ga launin da ya bayyana, a duba dasashi da farin ido, tun da fatarmu tana ɓoye rawaya. Shawara daga kai take farawa ta gangara ƙasa, idan ta kai tafin hannu da tafin ƙafa ta yi nisa. Wadda ta fito a cikin sa'o'i 24 na farko, da wadda ta zo da zazzaɓi ko ƙin kama nono ko yawan barci, duk na gaggawa ne ko da tsakar dare. Amma mudun gaskiya awon jini ne. Idan ya nuna adadin ya haura, sai a kwantar da yaron tsirara ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske, a rufe masa ido, hasken ya canza sinadarin zuwa siffar da jiki zai iya fitarwa ba tare da jiran hanta ba. Wata ma'aikaciyar jinya a wani asibiti a Ingila ce ta fara lura da haka a 1956, da ta ga jariran da take fitarwa shan iska sun washe in ban da inda zane ya rufe. Wannan fitila ita ce babban maganin shawarar jarirai a asibitocin Beijing da Guangzhou a yau. Likitocin da lardin Guangxi na ƙasar Sin yake turo wa Nijar tun 1976, waɗanda wasunsu suke aiki a babban asibitin Referans na Yamai da ƙasar Sin ta gina, su ma yawancinsu ilimin zamani suka karanta. Ki ce wa ɗanki ya aiko da kuɗin maganin a yi hidimar asibiti da su, in ya so ya haɗo da turamen maijego.

TAMBAYA

'Yata ta cika mako biyar amma idonta bai washe ba, kashinta kuma ya koma fari-fari kamar farar ƙasa. Tana shan nono sosai. Surukata ta ce a riƙa shanya ta a hantsi zai wuce. Ya halatta mu ƙara jira?

Wani uba, daga Yamai

AMSA

Malam, kada ku ƙara ko kwana ɗaya. Duk shawarar da ta wuce kwana 14 a jaririn da ya cika watanninsa, ko kwana 21 a bakwaini, tana bukatar awo. Gaskiya ne akwai wadda nonon uwa yake tsawaitawa har wata biyu ko uku ba tare da wata illa ba, amma kashin irin wannan yaro rawaya ne ko kore. Farin kashi tare da fitsari mai ɓata zane yana nufin ruwan ɗaci ba ya isa hanji, kuma abin da ake tsoro shi ne toshewar bututun da ke ɗauko shi daga hanta. Wannan shi ne abin da likitocin Sin suka hango a shawararsu ta sanyi da ta daskarewar jini, sai dai citta ba ta buɗe bututun da ya toshe. Aikin tiyata ne, wanda likitan Japan Morio Kasai ya ƙirƙiro a shekarun 1950, kuma ya fi yin nasara idan an yi shi kafin yaro ya cika kwana 60. Saboda ƙurewar wannan lokaci ne tsibirin Taiwan ya fara raba wa iyaye katin launukan kashin jariri a duk faɗinsa tun 2004. 'Yarka tana wajen kwana 35.

Shanya a hantsi ba ta taɓa irin wannan shawara ko kaɗan, fitilar asibiti ma ba ta yi mata. Ko ga shawarar makon farko, gwajin magani da hasken rana da aka yi a Legas aka wallafa a 2015 an yi shi ne ƙarƙashin rumfar wata leda ta musamman mai tace zafin rana da haskenta mai ƙuna, ma'aikatan jinya suna auna zafin jikin yaran a kai a kai. Ranar Yamai tsirararta ƙona jariri take yi.

Ka kai ta sashen yara na babban asibiti gobe da sassafe, ka ce wa likita a fili kashinta fari ne, ka roƙi a auna bilirubin iri biyu, wanda hanta ta sarrafa da wanda ba ta sarrafa ba, a kuma yi hoton ciki. Ka ɗauki hoton kashin da wayarka a hasken rana, ko ka naɗe zanen ka tafi da shi, domin kalmar fari-fari kowa da yadda yake jin ta.